Siffofin Waliyyai a Majami'un Katolika na Bauchi da Gombe: Ƙa'idarsu, Wurinsu da Abin da Ke Lalata Su

Sau da yawa mutum-mutumin waliyyai da ake gani a majami'un Katolika na Bauchi da Gombe ba wani kwamiti ne ya zauna ya tsara sayensu ba. Kyauta ce. Wata uwa ta yi wa Allah alkawari idan ɗanta ya tashi daga ciwo za ta kawo siffar Budurwa Maryamu. Wani ɗan kasuwa ya je sari Anacha ya haɗo da Waliyyi Antoni cikin kayansa. Zumuntar Mata ta yi karo-karo ta sayo nata. Sai a wayi gari an sauke kwali a ƙofar gidan Fada, wato limamin cocin, mai kyautar na cewa, "Fada, ga alkawarina na cika." Ba Fadan da zai ce a mayar. Sannan ne ake fara neman inda za a tsayar da shi, kuma duk inda aka samu fili nan yake zama. Bayan wasu shekaru sai ka tarar da majami'a mai Maryamu uku a jere, babu ko hoton waliyyin da aka raɗa wa majami'ar sunansa, gicciyen da ke wajen bagade kuwa ya fi kome ƙanƙanta.

Yawancin matsalolin daga nan suke tasowa: kaya ya iso kafin a yi shawara. Tun kuɗin suna hannun mai kyauta ya kamata a san siffar wane ce, ina za ta tsaya, da me za a ƙera ta, kuma wa zai riƙa kula da ita. Batun kayan ƙira shi aka fi rainawa, shi ne kuma hunturu da damina ba sa yafewa.

Amma a wannan yanki akwai tambayar da ta riga waɗannan duka. Dayosis ɗin Bauchi, wato yankin da ke ƙarƙashin Bishop na Bauchi, wanda aka yanko daga Jos a 1996 ya kuma zama cikakken dayosis a ƙarshen 2003, ya haɗa jihohin Bauchi da Gombe, kuma 'yan Katolika tsiraru ne a cikinsa. A gida ɗaya a Yelwan Bauchi ko Billiri ana iya samun ɗan Katolika da ɗan ECWA da Musulmi suna cin tuwo a kwano ɗaya. Majami'un ECWA da ke da ƙarfi a Tangale-Waja, da na COCIN a Tafawa Ɓalewa da Bogoro, ba su da siffar kowa, iyaka gicciye marar mutum a kai. Musulmi kuwa ya tashi da sanin hadisin da ke cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da sura. Su biyun abu ɗaya suke tambaya: me ya raba wannan da gunki?

Mai riƙe da Littafi Mai Tsarki zai buɗe Fitowa 20:4-5, inda aka hana sassaƙa siffar abin da ke sama ko ƙasa ko cikin ruwa a rusuna mata. Wani lokaci ya ƙara da cewa Katolika sun goge doka ta biyu. Ayar tana nan a Littafi Mai Tsarki na Katolika ba a taɓa ta ba, wajen ƙidaya ne aka rabu. Katolika da 'yan Lutheran suna bin lissafin Waliyyi Agustin, wanda ya ɗauki hana bin waɗansu alloli da hana sassaƙa gumaka a matsayin doka guda, sannan ya raba hana ƙyashi gida biyu. Sauran ɗarikun sun raba ta farkon, suka haɗa ta ƙarshen. Kowa goma yake samu.

Hujjar Katolika ita ce, abin da aka hana shi ne yin siffa domin a bauta mata. A cikin littafin Fitowa ɗin dai, sura 25, Allah ya umarci Musa ya ƙera kerubobi biyu na zinariya a kan akwatin alkawari, a Littafin Ƙidaya 21 kuma ya sa shi ya yi macijin tagulla. Labarin macijin nan ne ya fi koyar da darasi, domin bai ƙare a nan ba: da Isra'ilawa suka koma ƙona masa turare, Sarki Hezekiya ya farfashe shi, kuma 2 Sarakuna 18:4 ta lissafa wannan cikin ayyukansa na kirki. Wato siffa halal tana iya zama gunki a hannun masu amfani da ita. Katikis, wato mai koyar da addini a coci, da ya kawo kerubobi ya tsallake Hezekiya rabin gaskiya ya koyar.

An yi wannan gardama tun da daɗewa a tsakanin Kiristoci su kansu. Wajen shekara ta 726 Sarki Leo na Uku na Kustantiniya ya fara yaƙi da hotunan majami'u, aka yi ta farfasawa da shafewa. Wanda ya fi kowa kare hotunan da alƙalami shi ne Yohanna na Dimashƙu, kuma abin lura shi ne a ƙarƙashin mulkin Musulmi na Banu Umayya yake zaune, inda hannun sarkin bai kai ba. Dalilinsa shi ne, a dā Allah ba ya zanuwa domin ba a gan shi ba, amma tun da ya ɗauki jiki a cikin Almasihu aka gan shi aka taɓa shi, to ana iya zana abin da aka gani. Majalisar Nikiya ta Biyu a 787 ta tsaya a kan cewa girmamawar da aka yi wa siffa tana wucewa ne zuwa ga mai siffar, sujada kuwa ta Allah ce shi kaɗai. Majalisar Trent a 1563 ta faɗa ƙarara cewa babu wani allahntaka ko iko a cikin siffa, ba a roƙon kome a wurinta, ba a kuma dogara gare ta.

Katikis sun saba kawo misalin hoton mahaifi da ke rataye a falo: ɗa ya kalle shi ya yi hawaye, ba takardar yake yi wa kuka ba. Misalin yana da kyau, sai dai maƙwabci mai kaifin kai zai ce ai ba ya kunna wa hoton mahaifinsa kyandir. Abin da ke gamsar da shi, in zai gamsu, shi ne abin da idonsa ya gani 'yan coci suna yi. In ya ga ana ɗaura wa hannun Waliyyi Antoni kuɗi, ko ana cewa Maryamun wannan coci ta fi ta wancan amsa addu'a, ko an shigo an wuce akwatin da ake ajiye Jikin Almasihu ko kallo babu an nufi giroto, wato kogon Maryamu da ke harabar coci, to ya ga abin da Trent ta hana, kuma bai yi ƙarya ba in ya faɗa. Ƙa'idar a sarari take: gwiwar dama takan taɓa ƙasa ne domin Yukaristi, wato Jikin Almasihu, siffa kuwa sunkuyar da kai ya ishe ta. Mutum na iya durƙusawa ya yi addu'a a gabanta, amma addu'ar ta Allah ce, waliyyin roƙo ake nema ya taya.

Tsarin wuri shi ma koyarwa ne, ko da ba a buɗe baki ba. Majalisar Vatican ta Biyu a 1963 ta ce a ci gaba da ajiye siffofi amma kada su yi yawa, kuma a jera su bisa matsayi, kada su rikita jama'a. Dokar Ikilisiya ta 1983 ta maimaita haka a lamba ta 1188. Babban umarnin da ke farkon littafin Misa ya ƙara da cewa a ƙa'ida kada waliyyi ɗaya ya sami siffa fiye da ɗaya a majami'a guda, kuma dole a sami gicciye mai ɗauke da siffar Almasihu a kan bagade ko kusa da shi, inda kowa zai gani. Saboda haka gicciye ne farko, kuma wanda ke bencin ƙarshe ya kamata ya gane shi ba tare da ya ƙanƙance ido ba. Bayansa Maryamu, sai waliyyin da majami'ar ke amsa sunansa, sai saura in akwai wuri. Sa Maryamu a gefe ɗaya Yusufu a ɗayan al'ada ce mai kyau, ba doka ba ce. Abin da ba ya dacewa shi ne ɗora siffar waliyyi a kan teburin bagade, ko kewaye Maryamu da fitilun Kirsimeti masu ƙyaftawa duk shekara alhali fitilar da ke gaban Yukaristi ta mutu tun makon jiya. In majami'a ta riga ta tara Maryamu uku, mafita mai sauƙi ce kuma ba wanda za a ɓata wa rai: ɗaya ta zauna a ciki, ɗaya ta koma giroto in kayanta na jure waje, ta ukun a kai wa ƙaramar majami'ar ƙauye da ba ta da ko ɗaya.

Ana gane waliyyai ne ta abin da suke riƙe da shi, domin ba wanda ya san ainihin fuskar yawancinsu. Bitrus mabuɗai, Bulus takobi, Mika'ilu takobi ko māshi da Shaiɗan a ƙarƙashin ƙafarsa, Martin de Porres tsintsiya. Yusufu da Antoni ne ake yawan rikitawa don dukansu na ɗauke da Yaro Yesu: Yusufu mai gemu ne da sanda mai fure, Antoni kuwa ba gemu, rigarsa ruwan ƙasa ce da igiya mai ƙulli uku a ƙugu. Maryamun Lourdes, inda aka ce ta bayyana a Faransa a 1858, farar riga ce da shuɗin ɗamara da furen rawaya a kan kowace ƙafa, kuma yarinya ɗaya, Bernadette, ake sa wa durƙushe a gabanta. Ta Fatima ta 1917 a Fotugal fari ne sama da ƙasa ba shuɗin ɗamara, yaranta uku ne. Mai fentin da ba a nuna wa hoto ba yakan haɗa su ya fitar da wadda ba ta nan ba ta can. Hoton Jinƙan Allah, wanda aka fara zanawa a Vilnius a 1934, haske biyu ne ke fitowa daga ƙirji, ja da fari-fari, alamar jini da ruwa, ba a sauya musu launi don ado.

Akwai kuma iyakar da doka ta 1187 ta sa: wanda Ikilisiya ta sa cikin jerin waliyyai ko masu albarka kaɗai ake girmamawa a bainar jama'a. Fada Cyprian Tansi, wanda Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana Mai Albarka a Oba kusa da Anacha ranar 22 ga Maris 1998, yana iya samun wuri, amma a rubuta Mai Albarka a ƙarƙashinsa, ba Waliyyi ba. Hoton marigayi Fadan da ya kafa majami'a, kome ƙaunar da ake masa, zauren taro ne wurinsa.

A ganinmu majami'un nan sun yi sakaci da waliyyan Afirka. Shahidan Uganda da aka ayyana a 1964, ciki har da Charles Lwanga da yaro Kizito, da Josephine Bakhita 'yar Darfur da aka sace aka sayar baiwa, aka kuma ayyana ta waliyyiya a 2000, labarinsu ya fi kusa da rayuwar mutanen nan. Duk da haka da wuya ka ga siffarsu, domin abin da ke kanti shi ake saye. Ba sabon tunani ba ne a sa masassaƙin gida ya yi aikin. A 1947 limaman ƙungiyar mishan ta SMA, Fada Kevin Carroll da Fada Sean O'Mahony, sun buɗe wurin sassaƙa a Oye-Ekiti, inda masassaƙan Yarbawa suka yi ƙofofin majami'u da siffofi da salon ƙasarsu. Lamidi Fakeye, wanda ya yi suna daga cikin waɗanda suka yi aiki da Carroll, Musulmi ne. Yau ga sashen zane da sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana yaye masu wannan sana'a.

To, yanzu batun kayan ƙira, inda kuɗi ke tafiya a banza.

Yanayin Bauchi da Gombe yana kai abu maƙura biyu a shekara ɗaya. Da hunturu laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Agusta kuma ta haura 80. A Maris da Afrilu zafi na kaiwa wajen digiri 40, sannan ruwan farko ya zo da iska mai ɗage kwano. Kowane kaya da irin yadda yake amsa wannan.

POP, wato farin garin filasta da ake kwaɓawa da ruwa, shi ne mafi araha kuma mafi fitar da fuska da kyau, amma na cikin ɗaki ne kawai. Yana shan ruwa, kuma ruwan na narkar da shi a hankali. In aka ajiye shi a kan daɓen siminti zai ja danshi daga ƙasa, gindin ya yi laushi ya fara zubar da gari, fenti ya kumbura. Maganin shi ne a ɗora shi a kan katako ko tayil a bisa dakali, nesa da taga da inda kwano ke yoyo. Ba a wanke shi da jiƙaƙƙen tsumma. Masu sharar Asabar da kyakkyawar niyya sun fi kowa cin fuskar irin waɗannan siffofi. Burushin fenti sabo mai laushi ya isa, daga kai zuwa ƙasa. In yatsa ya karye kada a jefar da guntun: a huda ɓangarorin biyu, a sa siririyar wayar tagulla ko tsinken gora a tsakiya, a manna da gam, a cike tsagar da sabon POP, in ya bushe a goge da sanfefa mai laushi kafin fenti. Ƙusar ƙarfe ba ta yi, za ta yi tsatsa ta ɓata wurin da ja.

Siminti shi ne na waje, kuma shi ne magina na gida suka fi iyawa. Ana fara ƙashin ne da rodi mai milimita 10 ko 12, a naɗe shi da ragar waya, a yaɓa kwaɓin kwano ɗaya na siminti da uku na yashi mai kaifi wanda ba laka, sannan a bi da shafe na ƙarshe na ɗaya da biyu da tankaɗaɗɗen yashi. Abin da ke kashe irin wannan aiki tsatsa ce. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake yi ya ninka girmansa, ya tsaga simintin daga ciki. Don haka kowane rodi ya sami aƙalla santimita biyu da rabi na siminti a kansa. A jiki da riga wannan ba wuya, amma a yatsu ba ya yiwuwa, shi ya sa siffofin waje masu buɗaɗɗun hannuwa ke fara rasa yatsu bayan 'yan damuna. In na waje ake so, a zaɓi tsayuwar da hannuwa ke haɗe a ƙirji, kamar ta Lourdes ko Fatima. A kuma duba ninkin riga da kambi kada su zama kwarin da ruwa zai kwanta.

Bayan an gama yaɓe, a lulluɓe da jiƙaƙƙun buhunan algarara a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma na kwana bakwai aƙalla. Aikin da aka yi a tsakiyar hunturu aka bar shi a iska yakan bushe kafin ya yi ƙarfi, ya yi tsage-tsage kamar gashi, kuma ta nan ruwa zai shiga. Ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, ya fi dacewa. Sai kuskuren da gaggawar ranar biki ke jawowa: fenti. Sabon siminti yana da kaifin da ke cin fentin mai, ya mai da shi kamar sabulu ya saluɓe. A jira mako huɗu cur, a sa share fage na fenti mai jure siminti, sannan fentin ruwa na waje hawa biyu. In ranar keɓewa ta matso, gara a keɓe shi da launin siminti a yi fenti daga baya. Wanda ya yi shafen ƙarshe da farin siminti ma ya huta da fenti gaba ɗaya, wanki kawai zai riƙa yi. A tuna kuma da nauyi: cikakken mutum-mutumi mai tsayin mutum da manyan riguna yana iya haura kilo 300, don haka a wurin da zai zauna ake gina shi, a kan tushen da aka haƙa aka zuba kankare, rodinsa na fitowa daga cikin dakalin.

Faiba, wato roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi, ita ce yawancin abin da ake kawowa yanzu daga Legas da Anacha. Ba ta shan ruwa, gara ba ta cin ta, mutum biyu sun ɗauki mai tsayin mita ɗaya da rabi. Rashin nauyin nan shi ne aibinta a waje, domin iskar ruwan farko na iya kifar da ita. Dole a ɗaure gindin da noti huɗu a jikin dakali, in da hali a zuba busasshen yashi a cikin ƙasan. Rana kuma na cin ta: saman ya dushe ya koma gari-gari, ja da ruwan hoda su fara gudu. Kafin a saya a danna da babban yatsa a faffaɗan wuri kamar baya. In ya lotsa, ta yi siriri, za ta tsage. A duba layin da aka haɗa gaba da baya, nan take fara buɗewa. Gyaranta na mai fentin mota ne, shi ke da fentin da ke kama ta da kuma man da ake bi a kai don kare rana. Kuma tana cin wuta da hayaƙi mai guba, abin da masu jera kyandir a ƙafarta ba su cika sani ba.

Itace ya fi duka daraja in an dace. Maɗaci da kirya suna da ƙarfi, malaina kuwa ba ta kai ba. Sharaɗin shi ne ya bushe sarai kafin sassaƙa, kuma a rarake bayan babban gungume, in ba haka ba hunturun farko zai tsaga shi daga kai zuwa gindi, don waje na bushewa ya tsuke ciki bai bushe ba. Tsagar da ta buɗe da hunturu takan rufe da damina, saboda haka kada a cusa mata siminti ko abu mai tauri, kakin zuma ya isa. Gara kuwa ta ƙasa da bango take hawowa. A sa farantin ƙarfe tsakanin itacen da dakali, a bar tazarar tafin hannu daga bango, a riƙa leƙa baya kowane wata. Hotunan da aka buga a leda ko takarda su ma rana ce ajalinsu, ja da rawaya ke fara tafiya su bar fuska shuɗiya. Bangon da rana ba ta bugu da gilashi a gaba suna ƙara musu shekaru.

Giroto, wato kogon dutsen da ake gina wa Maryamu a harabar coci, ba ya wuyar kayan aiki a ƙasar da dutse ke ko'ina. Inda ake kuskure shi ne fuskar da yake kallo. Hadarin wannan yanki daga gabas yake tasowa, duk mai katangar ƙasa ya san bangon gabas ne ke fara zaizayewa. Kogon da ya buɗe baki gabas ruwa zai riƙa dukan siffar kai tsaye, wanda ya kalli yamma kuma ranar la'asar ta gasa fenti. Kudu ko arewa sun fi, kudu ma ta fi don ƙurar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. Rufin ya zarce siffar da aƙalla rabin mita, daɓen ya ɗan gangaro waje, a bar ƙaramar magudana. A gina shi daga cikin katanga yana kallon harabar coci. Wannan ya fi wa masu addu'a natsuwa, ya kuma fi zaman lafiya da unguwa.

A cikin majami'a dakali mai tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da santimita 20 ya isa ya ɗaga siffa sama da kan masu zaune, ya kuma nisanta ta da hannun yara. Ya fi gindin siffar faɗi ta kowane gefe. Kyandir a tsaya shi a tiren yashi, rabin mita ko fiye daga siffar, domin hayaƙinsa ne ke baƙanta haɓa da ƙirji, ga kuma mayafin leshi da furannin roba da ake rataya wa, waɗanda ba sa jiran wuta ta yi sallama. Zanzaro na son gina ɗakinsa a ninkin riga da bayan kunne. A jiƙa shi kaɗan da auduga a ɓamɓare a hankali, in an fizge da ƙarfi da fenti yake tahowa. Kashin jemage yana ƙona fenti, maganinsa toshe ramukan silin. In kuma aka wayi gari an ga ruwa ko wani abu mai maiƙo a fuskar siffa, kafin a yi shela a duba yoyon kwano, da raɓa, da gam ɗin idon gilashi da zafi ke narkarwa. A sanar da Fada, shi kuma ya kai wa Bishop, wanda shi ke da alhakin bincike bisa ƙa'idojin da Vatican ta sabunta a Mayun 2024.

Don zagayen girmama Maryamu na watan Mayu da Oktoba gara a ware ƙaramar siffar faiba, a ɗaure ta da noti a kan katako mai sanduna biyu na masu ɗauka huɗu, a auna tsayin ƙofa da wayoyin lantarkin hanya tun kafin ranar. Siffofi da yawa a bakin ƙofar coci suka rasa kambi.

Hanyar Gicciye, wato addu'ar bin sawun Yesu zuwa mutuwarsa a kan gicciye, tasha 14 ce, adadin da Paparoma Clement na Goma Sha Biyu ya tsayar a 1731. Ƙaramin gicciyen da ke kan kowace tasha shi ne ainihin tashar, hoton taimako ne, don haka majami'ar ƙauye da ba ta da kuɗin hotuna tana iya kafa gicciyen itace 14 masu lamba. Wajen ratayewa a duba inda Yesu ya fuskanta a cikin hotunan, a jera su yadda zai zama gaba yake tafiya tare da masu zagayen, ba da baya ba. Daga Lahadi ta biyar ta Azumin da ke gabanin Ista akan lulluɓe gicciye da siffofi da yadi mai launin shunayya marar ado. Gicciye ana buɗe shi ranar Jumma'ar tunawa da mutuwar Almasihu, sauran kuma kafin bikin daren Ista, tasoshin Hanyar Gicciye ba a rufe su. A ɗinka mayafan kamar buhu mai zariya a rubuta sunan kowanne, a cire kambi kafin a sa, domin allura da jan yadi ne ke karya yatsu.

Sabuwar siffa Fada ne ke sa mata albarka a gaban jama'a, daga nan ta shiga cikin kayan da doka ta 1171 ta ce a riƙe da ladabi. Wannan ya shafi ƙarshenta ma. In tsohuwa ce ko mai daraja ta wajen fasaha, doka ta 1189 ta hana a gyara ta sai da rubutaccen izinin Bishop ko wakilinsa, bayan an ji ta bakin masana. Wadda ta lalace ba ta gyaruwa ba a kai ta bola, ba a kuma jingine ta bayan ɗakin ajiya ba kai yara na wasa da ita. Ta itace ko takarda akan ƙone a binne tokar a harabar coci. Ta siminti da POP a farfasa yadda ba za a gane siffar ba a binne. Faiba ba a ƙona ta saboda hayaƙin, yankawa ake yi a binne. Kafin a taɓa kowace, Fada ko shugaban kwamiti ya je ya sanar da wanda ya ba da ita, in ya rasu a sanar da iyalinsa, a kuma ba su zaɓin su halarta ko su kawo madadinta, wannan karon bayan an zauna an yi shawarar kaya da wuri.